Rasuwar 'Yar Bango Ana Tsakiyar Wankan Jego

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kwana biyar ba su runtsa ba, Malam Ilu mai sarin wandunan jins, mazaunin hawa na shida a bayan titin Liuhua, birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana sanar da 'yan uwa da abokan kasuwa rasuwar hitar gidansa mai aiki da gas, wadda aka fi sani da 'Yar Bango. Ta cika da hantsin Talata, sha tara ga Agusta, 2008, bayan jinyar kwana shida, daidai lokacin da duk ƙasar ta zuba wa talabijin ido tana kallon wasannin Olamfik.

Marigayiya ta shekara tara manne a bangon kicin. Matar da ke da gidan, 'yar arewacin Sin ce da ta saba da sanyi, ita ta sa aka ɗaura ta, aka ja mata bututu zuwa ƙarafunan ɗumama ɗaki guda biyar, masu haƙarƙari, waɗanda Kanawa ke kira lagireto don sun yi kama da na mota. Aikinta biyu ne: ta ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan zafi a famfo. Ba ta da surutu. In an murɗa famfo sai ta ce tak, tak, tak, sannan fuuu, shi ke nan ruwa ya zo yana tururi.

Wanda ya shaida sanyin Janairun bana ya san alherinta. Sa'ad da ƙanƙara ta tsayar da jiragen ƙasa, tashar da ke kusa ta cika maƙil da mutanen da suka rasa hanyar gida, fatake goma sha ɗaya ne suka yi mako biyu a falon Ilu, kowa ya jingina bayansa da lagireto. Munkaila ɗan Maradi a kanta yake shanya safarsa. Ba ta taɓa kora kowa ba.

Wannan halin kirki ne ya ja Ilu ya yi alkawarin da ya fi ƙarfin bakinsa. Matarsa Firdausi na ɗauke da cikin fari, kuma bisa al'ada gidan iyayenta a Gwammaja za ta koma ta haihu, ta yi wanka. Amma biza ta yi wuya a bana, Ilu ya tsorata kada ta fita a hana ta dawowa. Ya kira surukarsa Hajiya Yalwa, ya durƙusa a tsakar ɗaki kamar tana ganinsa, ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri a bar ta nan. Ba itace, ba hayaƙi, ruwan zafi daga bango yake fitowa, ko sau goma ake so." Hajiya ta ce za ta zo ta ga bangon da idonta.

Da ƙyar ta sami biza, ta iso da busasshen ganyen darbejiya da kanwa a jaka. Firdausi ta sauka lafiya, aka sami mace, aka raɗa mata suna Raliya. Har ranar suna marigayiya ba ta ba Ilu kunya ba. Safe da yamma take cika manyan robobi uku, Hajiya ta tsoma yatsa ta janye da sauri, ta gyaɗa kai.

Washegarin suna ciwon ya fara. Aka murɗa famfo, ta ce tak, tak, tak, fuuu, kamar kullum, amma ruwan ya zo da sanyi kamar na randa. Ilu na tsaye yana jira sai ya ji gumi na bin bayansa. Ya taɓa lagireton falo, ya ƙone. Duk zafin da ake roƙonta a banɗaki, ɗakuna take kai shi, a cikin Agustan Guangzhou da ko tsuntsu ke neman inuwa. Jaririya ta yi ja, ta fara tsala kuka, ƙuraje suka feso mata a wuya.

Ilu bai bar komai ba. Ya duba katin gas, da sauran kuɗi a ciki. Ya duba allurar ƙarfin ruwa, tana inda ya kamata. Ya kashe ta ya kunna ya fi sau ashirin. Ya kwance kan shawa ya jiƙa shi a ruwan tsami, ko datti ne ya toshe. A rana ta uku ya kawo mai gyara, wani dattijon Basine da ba ya jin kowane yare sai nasa. Dattijon ya buɗe ƙirjinta, ya nuna wani bawul na tagulla, ya haɗa yatsu biyu ya raba su: nan hanya ta rabu, ɗaya zuwa ɗakuna, ɗaya zuwa famfo, kuma ƙofar ta cije a ɓangaren ɗakuna. Ilu ya tambayi sabo. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Meiyou," wato babu. Ilu ya ɗauki hoton bawul ɗin a waya ya bi shaguna tun daga Liuhua har Tianhe, sama da shago talatin, kowa da meiyou ɗinsa. An daina yin irinsa. Matar da ke da gidan kuma ta tafi arewacin Sin, wayarta a kashe.

Aka koma dafa ruwa a tukwane biyu, kafin ruwan roba ta uku ya tafasa na ta farko ya huce. Ilu ya haɗa butocin lantarki huɗu, wutar gidan ta ɗauke. Ya hura gawayi a baranda, mai gadi ya hayo da gudu yana nuna hayaƙi yana nuna waya, kuma a wannan watan ba baƙon da ke son a kira masa hukuma. Kwana uku wankan maijego bai cika ba, ƙafafun Firdausi suka fara kumbura. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi surukinta ba. 'Yarta ta duba ta ce, "Ki gaya wa mijinki, ni ban haifi 'yar da sanyi zai shiga jikinta ina kallo ba."

Da safiyar Talata Munkaila ya zo da shawara. "Ɗan uwa, a Maradi in famfo ya cije, bugunsa muke yi." Ilu ya san ba daidai ba ne, amma ya ɗauki sifana, ya buga bawul ɗin sau uku. Ruwan zafi ya zubo. Ya yi kabbara, ya ruga da roba. Minti huɗu ya yi yana zuba. Sai wani siririn ruwa ya tsiyayo daga inda ya buga, ya sauka kan wayoyin cikinta. Ta ce tak, sau ɗaya, fitilarta ta mutu. Dattijon ya dawo, ya rufe gas, ya dubi sifanar da ke hannun Ilu, ya tafi bai karɓi ko kuɗin mota ba.

Kafin la'asar Hajiya ta haɗa kaya. Ta tafi da Firdausi da Raliya gidan Habsatou, matar Munkaila, a Xintang, inda ruwa ke zafi. A bakin ƙofa ta ce daga can sai Kano, da zarar takardun jaririya sun fito. Firdausi ta waiwayo sau ɗaya.

Marigayiya ta bar lagireto biyar, duk sun yi sanyi, da famfo uku, da kan shawa mai warin tsami, da rabin buhun darbejiya da aka manta a banɗaki, da Ilu.

Za a sauke ta daga bango ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ko mai gidan ta ɗauki waya ko ba ta ɗauka ba, a kuma ɗaura sabuwa a gurbinta a ranar. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira a ƙasa da kekensa mai ƙafa uku. Ba salla, ba zaman makoki, ba kuma abinci, don mai girkin ba ta nan. Masu ɗauka mutum biyu sun isa. Abin da Ilu ke roƙo don Allah shi ne dattawa uku, masu furfura da iya magana, 'yan Kano ko 'yan Maradi duk ɗaya, su zo da manyan riguna. Daga sauke gawa mota za ta wuce da su Xintang su ba Hajiya haƙuri ta dawo masa da iyalinsa, shi kuwa zai tsaya a waje.