Tumbin da Ya Gwada Dandamali

"Lafiya ƙalau, Baiwata. Ya gajiyar ba da umarni?"

"Gajiya tana gindin ƙarfen nan naka, Tulu. Ƙara yake yi."

Injiniya ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana durƙushe a ɗakin da za a girke babbar na'urar rarraba intanet, tana danna dandamalin ƙarfen da taubashinta Tulu mai walda ya haɗa. An ja wayoyi, an goge ƙura, sanyin ɗakin har cizo yake, amma ita gumi take sharcewa. Motar kaya ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, na'urar kuwa sai ƙarti sun taru suke iya turo ta. In dandamalin ya lotsa da ita, aikin Injiniya ya tafi, don ita ta kafe sai an ba ɗan'uwanta aikin.

"Ƙara? Gaishe ki yake yi. Ƙarfena ko giwa ta hau da 'ya'yanta ba ya motsi."

"To ga giwa Allah ya kawo. Hau."

"Ni? Ubangidanki guda?"

"Ubangidan tukunya dai. Tun muna yara kwano bai taɓa fita hannunka da rai ba. Hau, na ce!"

Direba ya danna hon a waje. Ta waiga wajen ƙofa.

Tulu ya hau yana mita. "Ke da ko ƙusa ba ki iya bugawa, sai nuni da biro."

"Yi tsalle."

"Da girmana?"

"Girman duk a gaba ya taru. Tsalle, Tulu, don Allah!"

Ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya daka tsalle.

Ƙwaras! Ƙafar kusurwa ta ɓalle, dandamali ya karkace, Tulu ya zube rim, ƙafafu a sama.

Injiniya ta dafe ƙirji tana salati. "Da na'urar ce..."

"Da ni da ke mun shiga uku," in ji shi daga ƙasa. "Ce musu kar su sauke tukuna. Ɗigon walda kawai na yi wa kusurwar nan, na manta ban ɗinke ta ba. A fitar min da shi waje, kar hayaƙi ya ɓata ɗakin."

Ta leƙa ta tsayar da masu kaya. Da ta dawo ta tarar da shi yana murza ƙugu, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta jawo kular abincinta ta dire masa.

"Na sallama. Ungo, cinye duka."

"Yau kuma, marowaciya?"

"Kar ka rame min. In ka gama waldar, za ka sake hawa."