Nomau da Tukunyar Neman Ruwa

A Tungar Giginya akwai wani wawa, Nomau, yana zaune da tsohuwarsa Gwamma, wadda ƙafa ta daina ɗauka. Abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ran nan rijiyar garin ta ƙafe, mai gari ya ce in ba a samu ruwa ba kowa ya ɗaure kayansa. Hankalin Nomau ya tashi, don ya san Gwamma ba za ta kai ko'ina da rai ba.

Wata rana sai ga Malam Zubairu mai awon ƙasa, da 'yan tukwane biyu, da doguwar waya, da akwati mai allura. Ya ce ruwa in yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa yakan tayar da ɗan lantarki, in an kafa tukwanen allura za ta nuna. Ya kafa ɗaya, ya jiƙa gindinta, ya ce, "Nomau, riƙe nan, kada ka motsa sai na kira ka." Malam na yin nisa, wani kumurci ya ji sanyin jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya zo ya naɗe a ƙafar Nomau. Amma bawan Allah ko yatsa bai ɗaga ba, har macijin ya gaji ya wuce.

Wata rana Malam ya ce, "Jiƙa min nan." Nomau ya ruga gida, ya kinkimo tulun Gwamma, ya juye tas. Tsohuwa ta wuni da ƙishi, leɓe ya tsage, murya ta dushe. Nomau ya zauna gabanta yana kuka.

An auna gabas, an auna yamma, allura shiru. Saura tsohon kufai, inda aka ce aljanu sun tare. Duk wanda ya raka Malam sai ya bi da shi ta gefe, ya kauce wa kufan, bai kuma faɗa masa dalili ba.

Wata rana, mutane har sun fara ɗaure kaya, Malam ya miƙa wa Nomau tukunya. "Miƙe sak, kada ka kauce, sai waya ta ƙare." Nomau ya miƙe. Ya keta shingen ƙaya, ya bi ta kan shanyar barkonon matar mai gari, ya doshi kufai. Mata suka ɗora hannu a ka. "Nomau, dawo! Za su shanye maka ƙafa!" Yana salati, ya shige. Waya ta ƙare, ya kafa tukunya. Allura ta yi tsalle.

Nan aka haƙa, nan ruwa ya ɓulɓulo. Gwamma ta sha har ta ƙoshi, ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Ɗan nan, ka ga aljanun?"

"Ina zan gan su, Inna? An ce in miƙe, ba a ce in buɗe ido ba."