Ranar da Na Je a Kori Mai Shirin Noma

Ni ne shugaban ƙungiyar manoman masara a Dayi, kuma ba na wasa da tsari. Da aka kawo mini ƙara cewa an ci mana mutunci a shirin noma na rediyo, wai mun fi ƙwarewa a teburin mai shayi fiye da gona, ban tsaya bincike ba. Na ɗaya na kira taro. Na biyu na rubuta takarda cewa a kori mai gabatar da shirin. Na uku na ɗebi dattawa huɗu muka nufi gidan rediyon a Funtuwa.

A mota na yi musu bayani cewa 'yancin magana yana da iyaka, kuma duk wanda ya furta wannan bai samu tarbiyya ba.

Manajan gidan rediyon ya karanta takardar, ya kira mai shirin. Mutumin ya shigo yana ta ba mu haƙuri, don da aikin yake ciyar da iyalinsa. Aka kunna mana shirin. Ashe ba shi ya faɗa ba, wani mai kiran waya ne. Muryar tana da kaushi, kuma ta fara da "na ɗaya".

Mataimakina, Alhaji Sule, ya juyo a hankali. "Shugaba, wannan ba kai ba ne?"

Ni ne. Tun farkon damina na kira, maimaita shirin aka yi. Na ce a lokacin nasiha nake yi.

Manajan ya ce, "To Alhaji, wa za mu kora?"

Har yau in na miƙe zan buɗe taro, sai Alhaji Sule ya tambaye ni cikin ladabi ko gidan rediyo sun maido ni bakin aiki.