Irin Shinkafar Da Ya Yi Kyau A Hoto

Jama'a, jiya na baro takalmina na hagu cikin taɓon wani fili a Samaru, kuma ba don kaina na je ba. Maƙwabciyata Mama Lucia ce ta ja ni. Mijinta ya rasu, 'yar fadamarta ta bayan Hanwa ce ke ciyar da jikokinta. Bara ruwa ya kwanta a kan shinkafarta, ko tiya ba ta ɗauka ba.

Bana sai aka ce an samo irin da ko ambaliya ta shanye shi kusan sati biyu, ruwa na janyewa zai miƙe abinsa. Ba ƙarya ba ne, Sebastian na Chikaji ya gani a gonar surukinsa. Ga shi kuma Mai Girma Uban Marayu, Inuwar Talakawa, zai raba kyauta. Da jin haka Mama ta surfe ɗan tsohon irinta ta dafa wa yara. Ganin hadari, ta zubar da ruwan tulu.

Tun safe muke layi a filin. Sai da rana ta karkata Mai Girma ya iso, da jiniya da masu hoto. Ya yi jawabi muka tafa, ya yi tari muka tafa. Aka miƙa wa Mama buhunta, ga hotonsa ɓaro-ɓaro a jiki.

Ta kwance ta zura hannu. Shinkafa fara tas, kamar ta biki.

"Malam," ta ce da ni, "idona ne, ko wannan ta sha inji?"

Ta sha kuwa, har an goge ta. Na tari wani yaron Mai Girma mai ƙaton tumbi.

"Ranka ya daɗe, wadda aka cire wa ɓawo ai ba ta tsira."

"Kai dattijo, ba ka san aiki ba. Da ɓawonta aka kawo, Oga ya ce ta yi datti, ba za ta fito a talabijin ba. So kake a ce dusa yake raba wa mutane?"

"To me za ta shuka?"

"Ta gode wa Allah mana, wasu ko buhun ba su gani ba."

Mama ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, Allah ya saka. Ka ce wa maigidanka ranar da zai raba kajin kiwo, ya soya mana su tukuna."

Yau da safe na gan ta tana bin gidajen matan zumunta na cocinsu da kwano, tana roƙon tsohon irin nan da ruwa ya kashe bara. Damina ba ta jiran kowa.

Amma a yi wa Mai Girma adalci, shinkafarsa na jure ruwa. Na shaida. A tafasasshen ruwa ma aka saka ta, ta fito wara-wara. Manja kawai ya manta bai haɗo ba.