Waken Babayo Ya Ƙi Fitowa

"Lafiya lau, ya karatu? Au, yau kuma a tsaye ake gaishe ni?"

Iya Yagana ce ke magana, tana zaune a ƙofar ɗakinta a gidansu na Gwallameji, da tiren shinkafa a cinya tana tsincewa. Wanda ya tsaya mata a ka jikanta ne Babayo, ɗan aji ɗaya a firamare. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, shi ya sa ba ta kiransa da komai sai Maigida. Ko rigar makaranta bai cire ba, ya dire wani gwangwanin madara cike da ƙasa a gabanta.

"Ba gaisuwa na zo ba. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Ƙararki."

"Ikon Allah! Ƙarata a wurina? To, alƙali na jin ka. Wannan gwangwanin fa, cefanen yau ke nan? Shekara bakwai ina zaune da kai ko gishiri ba ka taɓa kawowa ba, yau da ka tashi sai ka kawo min ƙasa."

"Wake ne a ciki, wanda kika ba ni. Malamarmu Anti Juliana ta ce kowa ya shuka, mu jera a tagar aji, kullum mu ba shi ruwa mu zana abin da muka gani. Yau kwana goma. Na Micah ya yi ganye huɗu. Na Treasure ya fi fensir tsawo. Nawa ko leƙowa bai yi ba."

"Ya leƙo mana. Fuskarka ya gani ya koma."

"Ba wani nan! Tsohon wake kika ba ni. Tsoho irinki, wanda ba ya tashi sai an ja shi."

"Ni ce ba na tashi? Ni da na yi tsere da mai keke daga kasuwar Wunti na riga shi zuwa gida?"

"Jiya ma sai da Umma ta kama hannunki kika miƙe."

"Ƙarfin uwarka nake gwadawa. Miƙo littafin in ga zanen."

Ya zaro littafi daga jaka. Ta riƙe shi nesa da ido tana buɗawa.

"Wannan mene ne?"

"Gwangwani."

"Wannan fa?"

"Gwangwani."

"Na gaba?"

"Duk gwangwani ne, Iya! To me zan zana?"

"Kai, Maigida, ashe gwani nake aure ban sani ba. Duk Bauchi babu mai zana gwangwani kamarka. Amma tsaya. Ya aka yi ka san waken yana ciki har yanzu?"

"Ina dubawa mana."

"Ta ina?"

"Ina tonowa in gani, in mayar."

Iya ta ajiye tire don kada shinkafa ta zube, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kullum?"

"Sau ɗaya kawai. Wata rana sau biyu."

"To ni ma da kullum za a zo a tono ni ina barci a ga ko na girma, ai da ban kai haka ba. Manomin da ke sa wa wakensa ido kamar ɗan sanda!"

Babayo ya tsuguna yana kankare takardar gwangwanin da farce. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Juma'a mai zuwa iyaye za su zo ajinmu. Kowa zai tsaya a bayan shukarsa ya yi bayani. Abba yana wurin aiki, sojoji ba sa dawowa sai an ba su hutu. Umma kuma ranar tana asibiti. Ke na ce wa Anti za ki zo. Yanzu me zan nuna miki?"

Iya ta dube shi, ta ga idon ya ciko. Ta jawo wani murfin kwano, ta juye ƙasar a kai, ta baza da yatsa. Can ta tsinto wani ɗan baƙin abu da ya fara ruɓewa. Ta ɗaga shi ta juya. Rabin ƙwaya ne, babu ko ɓawo a jikinsa. Nan take ta tuna safiyar da ya zo mata a guje mai keke na jiransa, ta ɗebar masa daga ɓarzajjen waken da ta tanada don ƙosai.

"Hmm. Ɓera ne ya cinye rabi."

"Ajinmu babu ɓera."

"To tsuntsu ne."

"Iya, haka kika ba ni! Rabi-rabi guda uku. Na ce miki ya fashe, kika ce haka waken 'yan boko yake."

"Ni na faɗi haka?"

"Ke kika faɗa. Har kika ce in yi sauri kada in makara."

"Ai na zaci ci za ka yi a hanya. Wa ya san mijina zai koma noma a gwangwani?"

"Kin yarda ke ce?"

"Ban yarda ba. Rabi laifina, rabi naka."

"Ko ban tona ba ai ba zai fito ba!"

Iya ta tuntsire da dariya.

"Shi ke nan, alƙali ya kama kansa. Ja ni in tashi. Kuma in ka gaya wa uwarka ka ja ni, sai na kai ka ƙara."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma. A ciki wake ne fari tas, manya, an cuɗe su da toka saboda ƙwari. Iri ne daga gonar ƙaninta a Liman Katagum, ba ta taɓa bari ya shiga tukunya ba. Ta sa shi ya ɗauko gorar ruwa ta roba, ta yanke ta biyu da wuƙa, ta huda gindin da ƙusa. Shi ya cika ta da sabuwar ƙasa.

"Kada ka sa a tsakiya. Tura shi gefe, ya jingina da jikin robar. Yauwa. Yanzu duk abin da yake yi a ƙasa kana kallonsa, ba sai ka tona ba."

"Zai kai na Treasure?"

"Ba zai kai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kafin Juma'a zai fito da ganye biyu, in Allah ya so. Kuma duk ajin kai kaɗai za ka nuna musu saiwa. Ka kai tsohon gwangwanin ma, ka gaya musu fasasshen wake ba ya tsirowa. Akwai wanda ya gano haka ban da kai?"

Murmushi ya kuɓuce wa Babayo. Ya ruga ya dawo da wata gorar.

"Wannan kuma ta wa?"

"Taki. Tunda ba ki iya ba, sai ki koya. Anti ta ce duk mai shuka sai an liƙa sunansa."

Ya yagi takarda, ya kwanta rubda ciki a kan tabarma, ya fito da harshe yana rubutu harafi ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga mata.

"Me ka sa?"

"Yagana. Aji ɗaya."

Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ba ta taɓa ganin an rubuta sunanta don ita kaɗai ba.

"Wannan mai kama da gwafar danƙo fa?"

"Shi ne farkon sunanki. Kuma ki sani na riga ki shiga makaranta. Ni ne babba. Sai ki gaishe ni."

Iya Yagana ta gyara ɗankwali, ta rusuna iya yadda gwiwa ta yarda, tana dariya.

"Ina wuni, Malam. A ba ni wakena in shuka."