Wandon Da Bai Iya Gaisuwa Ba

Cikin duk kunyar da na sha a duniya, wadda ba zan taɓa mantawa ba ita ce ta ranar da gwiwoyina suka ci amanata a Kaduna, a zaure cike da jama'a.

Ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ina siriri, ƙugu kamar na zanzaro (in na faɗi haka yanzu, 'ya'yana sai su kalli tumbina su fashe da dariya). Akwai wani tela a unguwar Bukan Sidi a Lafia, Oga Sunday, wanda duk sabon yayin da ya ɗinka ni yake kira in sa. Mu tafi gidan hoto, a ɗauke ni na dafa furen roba, ya manna hoton a ƙofar shago. Ladana sakwara da miyar agushi. Amma fa a Lafia na zama wani abu. 'Yan mata in sun zo wucewa sai sun rage sauri, ni kuwa ina tsallaken titi ina yi kamar ban gani ba. Wallahi ina kewar wannan zamani.

Oga Sunday ne ya zuga ni. "Kai, Lafia ya yi maka kaɗan," in ji shi. "Wannan jiki naka na Kaduna ne, no be here, ba na nan ba." Yana da 'yar garinsu mai babban gidan ɗinki a can, kowa Madam yake ce mata, tana shirya bikin nuna tufafi. Da na yi wa Inna bayani, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Tafiya kawai za ka riƙa yi? To, Allah ya sa albarka a tafiyar."

Madam ta ƙare mini kallo, ta ce gwaji ne. In na yi kyau ranar bikin, zan zauna, hotona ya shiga kalandarta. In ba haka ba, motar Lafia tana nan a tasha. Ta koya mini taku, ta kuma ja mini kunne: "Ba murmushi, ba kallon kowa. Ko wa ka gani a wurin, ba ka san shi ba." Na ce a raina, wannan ai ba aiki ba ne.

Ranar bikin aka ba ni wani farin wando matsattse. Telan Madam bai gama shi ba, ya dai kama bayan da zare sama-sama. Ya ce, "Ka yi tafiyarka ka dawo, kada ka kuskura ka zauna."

Kiɗa ya tashi, na hau dandamali, dogo ne har tsakiyar zauren, mutane dama da hagu. Na ɗaure fuska, ina taku ina jin kaina. Sai da na kai ƙarshe, inda zan juya, idona ya faɗa kan wani tsoho a kujerar gaba. Baba Hedimasta ne, na firamarenmu ta Shabu, mutumin da ya taɓa zane ni a gaban 'yan aji don na gaishe shi a tsaye. (Ashe 'yarsa tana aiki wurin Madam, ita ta kawo shi kallo.) Muka haɗa ido.

Ni dai ban yanke shawarar komai ba. Kawai ji na yi na kai ƙasa a tsugune, bakina yana cewa, "Ina wuni, Baba?"

Ƙiiiit! Wandon ya buɗe daga ƙugu har ƙasa. Na ji sanyin fanka inda bai kamata ba. Mutanen da ke bayana suka kwashe da dariya, Baba kuwa, da yake ta gaba yake ganina, bai san abin da ake ciki ba. Ya gyara zama ya kama gaisuwa sosai.

"A'a, kai ne? Yaya Innarka? Yaya Lafia?"

"Lafiya lau, Baba."

"An yi ruwa da ka baro? Doya ya yi kyau bana?"

Ka san ba a tashi sai babba ya sallame ka. Haka na zauna ina ba da rahoton damina, Madam tana bayan labule tana yi mini alamar yanka da hannu. Da ya ce "madalla", na miƙe na koma da baya da baya, hannuwana biyu a bayana. Nan ne ya gane. Na ga ya sunkuyar da kai.

Kalanda dai ban shiga ba. Washegari na hau motar Lafia, ina ta fargabar labarin ya riga ni isa. Ya kuwa riga ni. Baba ya aiko wa Inna saƙo cewa ya ga ɗanta a Kaduna, a gaban manyan mutane, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, yaron bai lalace ba. Inna har da hawayenta. Zancen wando kuwa, har tsohon nan ya koma ga Allah bai taɓa yi wa kowa ba.

Tun daga ranar, duk wandon da tela ya miƙo mini, sai na tsuguna a cikinsa na ce "ina wuni" kafin in karɓa.