Ranar da Aka Sauke Ni Aka Ɗora Albasa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka sauke ni daga motata, aka ba buhun albasa wurina. Kuma ba kowa ya ja mini ba sai bakina.

Lokacin ban daɗe da sayen a-kori-kura ba, 'yar Kwatano, ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Sai Bello, ƙanin matata, ya kira ni daga Dandin Mahe. Hadarin farko na haɗuwa, albasar Baba, surukina, kuwa tana gona cikin buhuna. In ruwa ya taɓa ta sai ruɓa, wahalar rani guda ta tashi a banza. Na taso daga Boɗinga ina murna, yau suruki zai san 'yarsa ta yi dacen miji.

Sawu ɗaya kawai za a iya yi zuwa shago a Shagari, don in ruwa ya sauka hanyar fadamar ba ta biyuwa. Bello da ma'aikatan gona suka yi ta lodi, ni ina tsaye ina ba da umarni (Allah ya hore mini jiki, ga tumbi, sunkuyo ba sana'ata ba ce). Da ya rage saura buhu ɗaya, na ɗaga hannu na ce a tsaya, ta cika.

Da na yi shiru a nan, da na tsira da mutuncina. Ina! Sai na buɗe ƙofa na nuna musu ɗan rubutun da ke liƙe a jikinta, na shiga lacca. Na ce masu ƙera mota ba da ka suke faɗin nauyi ba. Sai sun gwada sifirin, wato ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mota, da taya da birki, wanda ya fara gazawa shi ne iyaka. Su cire nauyin motar kanta, abin da ya rage shi ne kaya. "Kuma mutane ma kaya ne," na ce. "Ni da Bello duk na sa mu a lissafi."

Baba na zaune a gindin bishiya da carbinsa. Saboda kunyar surukuta ba ya mini magana kai tsaye, sai ta bakin ɗansa.

"Bello, mi yac ce game da mutane?"

"Ya ce kaya ne, Baba."

"Har shi mai motar?"

Na yi caraf na ce, "Har ni, Baba." Wallahi a lokacin alfahari nake.

Tsohon ya dubi sama, ya dubi buhun. "To ai kai ma ka iya tuƙi, Bello. Ku jinjina muna wanga buhu."

Suka ɗaga shi suka ajiye. Sai na ga duk sun juyo suna kallona. Kafin in ce kai, ƙafafuna sun bar ƙasa, hulata ta faɗi, ina lilo a hannun ƙarti a gaban surukina.

"Baba, ya fi shi," in ji Bello yana haki. "Buhu guda ne har da gyara."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lissafina ne, kuma daidai yake. Na miƙa makulli, aka ɗora buhun, Bello ya ja motata ya bar mu.

Muka kamo hanyar gida a ƙafa, Baba a gaba ina biye. Ruwa ya tarar da mu ya yi mana dukan tsiya, amma albasa ko ɗigo bai taɓa ta ba. A ƙofar gida Baba ya ce wa zaure, ba ni ba, "Ilimi ya yi rana. Allah shi yi albarka."

Har yau a gidan surukaina, Har-da-Gyara ake kirana, matata ma takan yi suɓutar baki. Ni dai na koyi abu ɗaya: in za ka yi wa'azin nauyi, fara duba tumbinka.